Amsar Goggo kan maganar ɗan farinka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, sai da aka karanta mini sau biyu, don idon nan ya daina ganin rubutun waya. Ka ce yaronka mai shekara 14 yana kallo uwarsa za ta shigo niƙi-niƙi da kaya ba zai tashi ya karɓa ba, ƙanwarsa na kuka shi yana latsa waya. Kana tambaya ko ka koma wa irin horon da aka yi wa su babanka, ko ka turo mini shi riƙo nan Katsina.

Bulala kam an sha ta, ba zan ɓoye maka ba. Dorinar kakanka a zaure take rataye. Amma abin da ta koya mana shi ne gane takun sawunsa. Da ya fita, kowa ya koma halinsa. Tausayi a wajen aike muka same shi.

Kullum in an idar da magariba Inna za ta jera kwanuka: wannan na tsohuwar bayan masallaci, wannan na makahon lungu, wannan ciyayya ce ta maƙwabta. Kai za ka ɗauka, ka yi sallama, ka durƙusa, idonka ya gane maka ɗakin da ko fitila babu. In ka dawo kuma ba a gama ba. Sai ta ce, "Yaya ka same ta? Tarin ya lafa?" Ka ce ba ka lura ba, ta ce koma ka dubo. Wallahi har yau in na shiga gidan mutum, sai na ji tambayar nan tana bina a baya.

A farin 1973, da mutane suka yi ta gangarowa daga Nijar dabbobinsu sun ƙare, kakanka bai tara mu ya yi mana wa'azi ba. Cewa kawai ya yi a ƙara awo. Mu mata muka duƙufa surfe da daka, babanka, yana ɗan shekara 15, shi ke jigilar ƙwaryar fura zuwa zaure. Ka san halinsa dai, har ya koma ga Allah ba ya iya cin abinci shi kaɗai.

Ka ce ba ka kiran sunan yaron, ba ka sakar masa fuska, don ɗan fari ne. Al'ada ce, ban ce ka yar ba. Sai dai kunyar nan da can tana da 'yan rakiya. Uba ya kau da kai, amma ga kaka tana tsokanarsa da "maigidana", ga goggo tana ɓoye masa ƙanzo, ga kawu yana goya shi a keke zuwa kasuwa. Kai kuwa kana Kubwa a gidan haya, ƙofa a garƙame. Ka ɗaure fuska, uwarsa ma ta yi kara, to wa ya rage masa? Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, tun yana yaro, ya ce ko uffan bai taɓa ce masa ba. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa.

Kada kuma ka ɗauka sangarta nake nufi. Zuwana gidanka na ƙarshe na gani da idona, 'yar aiki ce ke kwashe masa kwano, ita ke wanke masa safa. Na kuma ji da irin muryar da ake kiranta, shi ma ya ji. Ban tanka ba a lokacin don baƙuwa ce ni. Yaron da ba a taɓa buƙatarsa ba a gida, ta ina zai san ana buƙatarsa?

Ka ɗora masa abin da in bai yi ba, wani zai ji a jikinsa. Rakiyar ƙanwarsa Islamiyya ta zama tasa. In za ka dubiya asibiti, shi zai riƙe kwandon abinci, a hanyar dawowa ka tambaye shi yadda ya ga mara lafiyar. In an yi rasuwa a unguwa ka tafi da shi, ya kama makara. Naman layya kuma shi zai bi gida-gida da shi. In ya yi, ka ce masa Allah ya yi albarka da bakinka, ba ta bakin uwarsa ba.

Riƙo kuwa, in a matsayin hukunci ne, ban karɓa ba. Amma in an yi dogon hutu ka turo shi, ka ce masa Goggo ce ƙafa ta matsa mata, tana neman mai yi mata aike. Ba ƙarya ka yi ba. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran.