Ga mai tambayar wa zai gaisar a jirgin da ba direba

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Laraba. Ƙanwarka ta karanta mini shi sau biyu, domin idona ya daina jituwa da ƙananan rubutun waya. Da farko na yi murmushi, amma da dare ya yi na kwanta sai maganar ta hana ni barci. Ka ce a gida mun koya muku in za a shiga mota a yi sallama, a gaida direba, in an sauka a ce masa sannu da aiki. Ka ce yanzu jirgin da ke kai ka wajen aiki a Riyad ba shi da direba, gaban taragon gilashi ne kawai, yara na tsayawa suna kallon dogo. Ranar farko ka shiga da sallama, abokanka suka yi ta dariya. Shi ne kake tambaya ko wannan al'ada ta ƙare ke nan, kuma ko tafiyar minti goma ma sai an yi mata addu'ar hawa.

Wannan jirgin naku na san shi tun yana rami. A 2016, da na je wajen mahaifinka bayan umara, kana makaranta a gida ba ka nan, garin duk a farke yake. Titin Ulayya da kake wucewa ta ƙarƙashinsa yau kana latsa waya, a lokacin shinge ne dama da hagu, a kewaya da kai nan, a dawo da kai can. Daga gidanku zuwa kasuwar Bat'ha muka ɓata fiye da awa guda. Mahaifinka yana tuƙi yana yi mini bayani: an ba da kwangila a 2013, an sa hannu a aiki a 2014, layi shida za a yi a lokaci guda, ba wai a gama ɗaya a kama ɗaya ba. Ya ce an raba aikin ga ƙungiyoyin kamfanoni uku. Masu Bechtel na Amurka suka ɗauki layi na ɗaya da na biyu, wasu da 'yan Italiya ke ja suka ɗauki na uku, sauran ukun kuma aka ba waɗanda FCC na Sifen ke jagoranta. Kuɗin ya haura dala biliyan 22. Na ce masa ya bar lissafin nan, kaina ba zai ɗauka ba, ya tsaya in leƙa.

Ya samu wuri ya tsaya, na leƙa ta kafar shinge. Ɗana, rami ne wanda in aka jefa gidan bene a ciki sai ya ɓace. Can ƙasa ga mutane kamar tururuwa, da hulunan kwano da riguna masu ƙyalli, suna ɗaure rodi. Zafin garin nan ka san shi. Ni da ke tsaye a inuwa rigata ta jiƙe, su kuwa ƙarfe suke riƙewa. Mahaifinka ya ce in bazara ta tsananta doka kan hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, saboda haka da yawa cikin dare ake yi. Ya ce wannan ramin na tasha ne kawai. Hanyar kanta wasu injuna bakwai ne ke cin ta ta ƙarƙashin ƙasa, bakin kowanne kusan mita 10, yana tauna dutse ta gaba yana jera zoben kankare ta baya, mutane na bisa suna saye da sayarwa ba su ma san yana wucewa ba. Inda gari ya cushe aka bi ta ƙasa, inda titi ke da faɗi aka ɗora dogon a kan ginshiƙai, a bayan gari kuma aka shimfiɗa shi a doron ƙasa.

Da na ji a rediyo Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a ƙarshen Nuwamban 2024, aka buɗe layi uku ranar 1 ga Disamba, biyu a tsakiyar watan, na ƙarshe a farkon Janairun 2025, mutanen cikin ramin nan ne suka faɗo mini a rai. Shekara goma. Kilomita 176, tasha 85, ba direba ko ɗaya, kuma an ce duk duniya babu irinsa da ya kai shi tsawo. Layin da kake hawa, shuɗin nan mai kilomita 38 da ya tsaga gari daga arewa zuwa kudu, shi ne wanda na leƙa.

Bari in ba ka labarin hawana na farko, ko da mahaifiyarka za ta ce ta ji shi sau ɗari.

A damanar 1964 ne, ina ɗan shekara goma sha uku, kakanka ya ce zan raka shi Kurmi saro goro. Kwana uku ana shiri. Inna ta yi dakuwa da dambun nama, ta ƙulle mini sule biyu a bakin zane. Daren tafiya Baba ya zaga da ni gida gida a unguwa, muna sallama muna neman gafara. Haka ake yi a da, ba mai kama hanya da haƙƙin wani a wuyansa. Da asuba muka isa tashar Kano, mutane maƙil, ga masu gurasa, ga masu ɗaukar kaya, ga ƙaurin kwal. Lokacin jirage masu dizal sun fara shigowa, amma ba su kori masu kwal ba, namu mai hayaƙi ne, ana ɗura masa kwal ɗin Inugu. Kafin mu nemi wurin zama Baba ya ja hannuna har gaban kan jirgin, ya ɗaga murya ya gaida direba da mai zuba kwal, ya miƙa musu goro biyu biyu. Direban ba ya jin Hausa sosai, amma ya karɓa da hannu biyu. A hanyar komawa tarago na ce, Baba ka san shi ne? Ya ce, ban san shi ba, amma daga nan har Agege wuyanmu yana hannunsa, wanda kuwa ka ba ajiyar ranka ba ka wuce shi kamar kututture.

Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna, muka wuce Minna. Taragonmu benci ne na katako, kowa da buta da tabarma. Kafin la'asar kowa ya san kowa. Wata tsohuwa mai zuwa Ilori ta ba ni ƙosai, wani malami ya dinga ja mana baƙi. Bayan Zungeru dare ya yi, hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na yi barci a cinyar Baba. Ban farka ba sai da ƙarar burki, ƙarfe yana cizon ƙarfe, kaya na zubowa daga sama, mata na salati. Jirgi ya tsaya cak a tsakiyar daji, ba tasha ba gari.

Da ruwa ya ɗan tsagaita maza suka sauka, na bi Baba a baya ba da izininsa ba. Muka taka tsakuwa har gaban jirgi. A hasken fitilar kan jirgin na ga wani mutum tsamurarre, ba takalmi, buhu a kansa maimakon laima, riƙe da jar fitila, jikinsa na ɓari. Leburan dogo ne, cikin masu bin layi da ƙafa suna duba shi. Gaba kaɗan ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, ƙarfen yana reto a sama, ƙarƙashinsa ruwa na gudu. Mutumin nan ya gani, ya juyo da gudu cikin duhu da ruwan sama ya tare mu da fitila. Na tsaya ina kallon ramin nan har Baba ya dafa kaina ya juyar da ni.

Fasinjoji suka yi caa a kan direba, ana ta sa masa albarka, kuma ya cancanta, domin ya gani ya tsaya. Baba kuwa bai bi ta kansu ba. Ya nufi mai fitilar, ya cire rigarsa ta sama ya yafa masa, ya zazzage ragowar goron aljihunsa a hannunsa, sannan ya durƙusa, dattijo da gemunsa, ya gaishe shi. Ban taɓa ganin mahaifina ya durƙusa wa wanda bai girme shi ba sai ran nan. Muka kwana a wurin. Da safe heluma ya iso da mutanensa da tsakuwa da katako, suka yini suna cikewa, sai bayan azahar jirgi ya lallaɓa ya haye. Da muka zo gadar Jabba, ruwan Kwara ya cika ya batse a ƙarƙashinmu, ba wanda ya yi magana a taragon sai da muka tsallake. A nan ne Baba ya ce mini, ka ga direba ka gaishe shi da safe, wancan kuwa ba ka taɓa ganinsa ba, ba za ka sake ganinsa ba, kuma shi ne ya tsaya maka. Ya ce kakansa yakan ce mai shan ruwan rijiya ya riƙa tuna wanda ya haƙa. Har ya rasu, in ya idar da salla yakan sa mai jar fitila a addu'a, bai kuwa san sunansa ba.

To kai yanzu ka ce ba direba. Na yarda ba kowa a gaban gilashin. Amma ai kai da bakinka ka gaya mini akwai ɗaki can wani wuri da mutane ke zaune gaban allunan kwamfuta dare da rana, suna ganin inda kowane jirgi yake. Ka ce ƙofar gilashin da ke bakin dandamali ba ta buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai da ita. Wani ne ya auna wannan. In an rufe tasha da dare kuna barci, akwai masu shiga ramin da fitila suna bin dogo, kamar dai mutumin nan na bayan Zungeru. Ga kuma waɗanda na leƙa a 2016, 'yan Indiya da Bangaladash da Fakistan da Masar da wasu ƙasashe, da yawansu sun koma garuruwansu kafin a buɗe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle kilomita 176.

Abin da ya hana ni barci ba rashin direban ba ne. Hoton da ka turo ne. Tashar Ƙasrul Hukum, da rumfar nan tata ta ƙarfe mai sheƙi kamar madubi, na yaba, ban taɓa ganin irinta ba. Amma hoton cikin taragon, na sa ƙanwarka ta buɗa mini shi da yatsa, na ƙirga mutum goma sha ɗaya, kowa kansa a sunkuye, kunne a toshe. Akwai wani dattijo tsaye riƙe da ƙarfe, ga samari zaune a gefensa. Ina fata kai a tsaye kake da ka ɗauki hoton. Mu da muka yi kwana uku a kan benci, muka rabu a Agege ana musayar adireshi da hawaye. Ku kuna da sanyi da kujera mai laushi, riyal 4 ka yi awa biyu kana sauya layi, daga filin jirgin sama na Sarki Khalid har tsakiyar gari, amma ba mai ce wa wani ya gida. Ba Riyad kaɗai ba, nan ma haka ya zama. Yaro ya faɗo cikin a-daidaita-sahu ba sallama, ya sauka ya miƙa kuɗi da hagu yana waya. Laifin har da mu, mun ga ana sakewa muka yi shiru, muka ce zamani ne.

Abokanka da suka yi dariya, kada ka riƙe su. Kada kuma ka shiga kana ɗaga murya kamar mai shela, garin mutane ne, baƙo kuwa ido gare shi kafin baki. Ka ce an ware taragon iyali da na maza marasa iyali, to ka tsaya inda aka ajiye ka. Wanda ka zauna kusa da shi, ka yi masa sallama a hankali. Ƙasar Musulmi ce, zai amsa, ko bai amsa ba kai ka samu. Mai shara a tasha da mai gadin ƙofar tikiti, su ma ai suna da kunne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Inna.

Batun addu'a kuwa, ka tambayi limaminku, ni ba malami ba ne, fatake ne mu. Abin da na tashi na gani shi ne Baba ko jaki zai hau zuwa gona sai ya yi bisimilla ya tsarkake wanda ya hore masa shi, bai taɓa auna nisan tafiya ba tukuna. Wannan dai da na gani shi nake yi har yau, ko a bayan babur.

Mahaifiyarka ta ce in gaya maka turaren ya iso, amma ta fi son ka kira ta ranar Juma'a da ka turo kaya. In ka samu hutu ka hau layin nan mai ruwan lemo daga farkonsa har ƙarshe, an ce shi ya fi duka tsawo, kusan kilomita 41, ka tsaya a gaban gilashin tare da yaran ka ɗauko mini yadda yake nutsawa cikin ƙasa da yadda yake fitowa. Ina so in ga cikin ramin da fitilunsa. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa har yanzu ina bin sa bashin komawa wurin shingen nan na Ulayya, in Allah ya ara mana rai.

Kawunka.