Sai na zama likita kafin in yi bincike a kan ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digiri a kimiyyar ƙananan halittu a Jami'ar Jihar Kaduna, yanzu ina bautar ƙasa. Burina in yi bincike a kan yadda ciwon daji ke kama mutanenmu, in kuma koyar a jami'a. Dole sai na zama likita? Ta ina zan fara? (Daga wata ɗaliba a Unguwar Rimi, Kaduna)

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ba dole ba ne. Likita mutum ɗaya yake dubawa a gabansa, shi kuwa mai bin diddigin cututtuka al'umma yake dubawa: su wa cutar ke kamawa, suna da shekara nawa, a ina suke, me suke ci, wace sana'a suke yi. Bradford Hill, wanda shi da Richard Doll suka nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu a Ingila a 1950, masanin ƙididdiga ne, ba likita ba.

Don haka ki fara da ƙididdiga tun yanzu, kada ki jira sai kin gama bautar ƙasa. Ki koyi aiki da manhajar R ko Epi Info, dukkansu kyauta ne. Daga nan ki nemi digiri na biyu a lafiyar al'umma. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Zariya kusa da ke, ki duba sharuɗɗan shiga da wuri. Digirin digirgir zai biyo baya, don in babu shi malamin jami'a ba ya nisa.

Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne rajistar ciwon daji. Ibadan ta buɗe tata tun 1960, Zariya ma tana da ita. A nan ake rubuta duk wanda aka tabbatar yana da cutar, da irinta, da matakin da ta kai. Aiki ne na buɗe tsofaffin fayil-fayil da bin sakamakon ɗakin gwaji ɗaya bayan ɗaya, ba kowa ke son sa ba. Kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mata da yawa masu sankarar mama ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, wasu ma a ƙauye suke rasuwa, sunansu bai shiga kowane littafi ba. Alƙaluman da muke da su na waɗanda suka iso ne kawai. Hatta hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa, da irin waɗannan rajistoci take dogara wajen ƙiyasta halin da Najeriya ke ciki. Ki je ki nemi izinin taimaka wa masu aikin rajistar, ko da ba a biyan ki.

Tambayoyin bincike kuwa suna nan jibge. A 2023 aka fara a Najeriya yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Me ke sa wasu iyaye su karɓa, wasu su ƙi? Ga kuma sankarar hanta, wadda ke da alaƙa da cutar hanta nau'in B da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. A jihar da ke noman masara kamar tamu, wannan kaɗai ya isa kundin digiri na biyu. Sai dai kafin ki taɓa fayil ɗin majinyaci ko ɗaya, ki samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce.