Abin da ke jawo ni kallon wasan ƙasashe

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa mutum irina, wanda ba ya bin gasar Firimiya mako-mako, yake kasa zaune ya kasa tsaye idan gasar cin kofin duniya ta zo. A ganina, wasan ƙasashe ba ya buƙatar haddace sunayen 'yan wasa, domin tutar ƙasa kaɗai ta isa ta zaɓa maka ɓangare. Kuma da yake sai bayan shekara huɗu ake yin gasar, wanda aka fitar ya san jiran da ke gabansa.

Ka tuna 2018 a Rasha, lokacin da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu. A gidan kallon unguwarmu magoya bayan Arsenal da na Chelsea, waɗanda kullum ba sa ga-maciji, suka rungumi juna har benci ya kife. A Katar kuwa, a 2022, da Najeriya ba ta samu zuwa ba, sai muka koma bayan Maroko, wadda ta fitar da Sifaniya da Fotugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe.