Adon farfajiyar gida a Jidda: me zai jure, me ya halatta?

Hajiya, kin ce kin samu ɗan fili a farfajiyar gidanku a Jidda, kina son ki ƙawata shi da mutum-mutumi da kayan ado a tsakanin shuke-shuke, amma zafin garin da hukuncin addini sun sa kina jan ƙafa.

Batun addini tukuna. Mutum-mutumin abu mai rai, mutum ko dabba, mafi yawan malamai sun hana ajiye shi a gida, saboda hadisin Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da surar abu mai rai. In kin ga wani abu a kasuwa kina shakka, ki kai wa malamin da kika amince da shi. Ki leƙa Kurnish, titin bakin tekun Jidda, da yamma ki ga sassaƙe-sassaƙen da aka kafa zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, da yawansu ba siffar mai rai ba ne, kuma suna da kyau ƙwarai.

Sai batun abin da zai jure. Ni kayan ado na roba na fara saya, rani ɗaya ya koɗe ya tsattsage. Ƙarfe kuwa iskar teku mai gishiri ce ke cinye shi da tsatsa. Dutse da yumɓu ne suka zauna min lafiya: randa biyu na cika da ƙasa na dasa lalle a ciki.

In za ki sa maɓuɓɓugar ruwa, kada ruwan ya kwanta, don sauron zazzaɓin dengue a irin ruwan nan yake hayayyafa. Wayar famfon ki bar wa ƙwararren mai gyaran lantarki. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gidan kafin a zuba siminti.