Yadda Ake Gane Yankin da Shayin Pu'er Ya Fito

Ɗana, jiya bayan mun rufe shago ka ce da ni, “Maigida, idan na karanta takardar da aka naɗe shayi da ita ina jin bambancin na Yiwu da na Bulang, amma da zarar an ɓoye takardar sai duk su koma abu ɗaya a bakina, yaya ake koyon wannan?” Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin akwai mutane da yawa a kasuwar shayi ta Fangcun da ke nan Guangzhou, a ƙasar Sin, da suka shekara goma suna wannan ciniki ba su taɓa yarda cewa takarda ce take yi musu ɗanɗano ba.

Ka fara da sanin ƙasar. Tun 2008 ƙa'idar gwamnatin Sin ta tanadi cewa ba a kiran shayi Pu'er sai an yi shi da babban ganyen lardin Yunnan wanda aka shanya a rana, kuma mafi yawan abin da muke saye yana fitowa ne daga Xishuangbanna, da Lincang, da yankin da a da ake kira Simao kafin a mayar da sunansa Pu'er a 2007. Kogin Lancang, wanda yake zama Mekong idan ya fita daga ƙasar Sin, shi ne ya ratsa Xishuangbanna ya raba ta biyu. A gabas da shi akwai tsofaffin duwatsun shayi shida, irin su Youle da Yibang da Manzhuan, tare da garin Yiwu. A yamma kuma akwai gundumar Menghai, inda duwatsun Bulang da Nannuo suke. Wannan kogin shi ne darasinka na farko, kuma ba na son ka ambaci sunan wani ƙauye sai ka iya faɗin gefen kogin da ganye ya fito ba tare da ka duba komai ba.

Akwai abubuwan da suke rufe halin ƙasa, dole ka kawar da su daga gabanka. Nunannen shayi, wanda suke kira shou, ana tara ganyensa tsibi guda a yayyafa masa ruwa a lulluɓe shi fiye da wata ɗaya, dabarar da aka ɓullo da ita a masana'antar Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973, kuma abin da za ka fi ji a cikinsa aikin masana'anta ne. Haka kuma shayin da aka gauraya, kamar mai lamba 7542, wanda 75 take nufin shekarar da aka tsara haɗin, 4 matsayin ganyen, 2 kuma masana'antar Menghai. An haɗa shi ne da gangan daga wurare dabam-dabam domin ɗanɗanonsa ya riƙa fitowa iri ɗaya kowace shekara. Ajiya ma tana da nata tasirin, domin curin matsattsen ganyen shayi da ya shekara goma a cikin laimar Guangzhou yana yin duhu da laushi, alhali ɗan'uwansa da aka ajiye a Kunming, inda iska take a bushe, yana nan da ƙuruciyarsa. Saboda haka ka koya da ɗanyen shayi, wato sheng, wanda bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, tsinkar bazara, daga dutse guda.

Yadda za ka zauna kuwa shi ne, ka ɗauki iri biyu kacal, ka auna giram 7 na kowanne, ka zuba a kofunan tangaran masu murfi, masu girma ɗaya, ka yi amfani da ruwan buta guda mai tafasa, kuma tsawon jiƙon ya zama daidai. Shan iri ɗaya yau da wani iri gobe ba ya koyar da kowa komai, domin harshe yana da saurin mantuwa. Kada ka tsaya a jiƙo na farko ko na biyu, inda ƙamshi yake rinjaye, domin ƙamshi shi ne abin da hannun mai suya ya fi iya sauyawa: idan kaskon ya yi zafi da yawa sai ganye ya yi ƙamshin koren shayi, idan hayaƙin itace ya shige shi sai ya binne komai. Ka jira jiƙo na huɗu zuwa na takwas, ka haɗiye, sannan ka yi shiru na ɗan lokaci.

A cikin wannan shirun ne aikin yake, kuma kai Bahaushe kana da wata dama da abokan aikinmu da yawa ba su da ita, domin ka san goro. Ka san yadda ɗacinsa da baurinsa suke kama baki, sannan idan ka kurɓi ruwa sai ka ji zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Sinawa suna kiran irin wannan zaƙi mai dawowa huigan, suna kuma bambanta ɗaci da bauri kamar yadda muke yi. To, tambayoyin da za ka yi wa kowane kofi su ne: a ina ɗacin ya sauka, yaya saurin tashinsa, me ya bari a bayansa, kuma ruwan yana da kauri ko tsinkakke ne?

Shayin Bulang yana shigowa da ƙarfi. Na ƙauyen Lao Banzhang ɗacinsa yana bugun harshe nan take, amma kafin ka ajiye kofi ya narke ya koma zaƙi, yawu ya cika baki, har ka ji nauyinsa a ƙirji. Na Lao Man'e, wanda ba shi da nisa da shi a kan dutsen, ɗacinsa yana zama ya daɗe kamar na magani kafin ya saki, kuma wanda bai saba ba yakan zaci aibi ne. Na Yiwu kuwa a jiƙon farko yana iya yi maka kamar ba shi da abin faɗa, ruwansa mai taushi, ɗacinsa kaɗan, da ɗan zaƙin zuma, sai ka kai jiƙo na biyar ka tarar maƙogwaronka ya yi sanyi, zaƙin ya ƙi tafiya. Shi ya sa 'yan kasuwa suke cewa Banzhang sarki ne, Yiwu sarauniya. A ganina Yiwu ya fi wuyar koyo, domin raunin mummunan ganye da taushin ganye mai kyau suna kama da juna ga sabon baki, kuma kaurin ruwa ne kaɗai yake raba su.

Idan waɗannan biyun suka zauna maka, sauran za su zo da sauƙi. Na Mengku a Lincang yana da ƙamshi mai tashi da zaƙi mai tsabta, kuma ƙauyen Bingdao ya yi suna da zaƙi irin na ƙanƙarar sukari. Na Jingmai, dutsen da hukumar UNESCO ta sanya tsofaffin dazuzzukan shayinsa cikin kayan tarihin duniya a 2023, baurinsa ya fi ɗacinsa, kuma ƙamshin furensa yana maƙalewa a kofi bayan an shanye.

Sai dai ka sani cewa a dutse ɗaya ana samun ganyen tsofaffin itatuwa da na gonakin da aka dasa a jere, kuma bambancinsu yakan fi bambancin duwatsu biyu girma. A shekarata ta uku a wannan sana'a na sayi ƙunshi biyu, kowanne curi bakwai masu giram 357, daga hannun wani mutum da ya rantse mini cewa Lao Banzhang ne, domin ɗacinsa ya burge ni kuma ban jira na ga ko zai narke ba. Bai narke ba, baurinsa ya bushe mini harshe, kuɗin kuma sun tafi. Ƙauyen ƙarami ne, abin da ake sayarwa da sunansa ya ninka abin da itatuwansa za su iya bayarwa, don haka idan kana shakkar wani ganye ka jiƙa shi minti biyar cur a tafasasshen ruwa, duk abin da ya ɓoye zai fito.

Ranar Litinin da safe zan jera maka kofuna huɗu ba tare da takarda ba, biyu daga Menghai, biyu daga Yiwu, dukkansu na bazarar bara. Kada ka ci goro ko abinci mai yaji kafin ka zo, ka kuma taho da littafinka, domin ina son ka rubuta inda ɗacin kowanne ya sauka da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya tashi, sannan ka faɗa mini gefen kogin.