Hukuncin haɗa kiɗa da manhajar waya ga wanda bai taɓa riƙe ganga ba

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne ɗan shekara 23 a Funtuwa. Mahaifinmu ya rasu, ni nake riƙe da mahaifiyata da ƙannena uku da sana'ar haɗa sauti a waya. Ina aiki da manhajar FL Studio Mobile wadda aka fasa, wato aka buɗe ta ba tare da an biya kuɗinta ba, wani abokina ne ya turo min. Ina haɗa kiɗa ina sayar wa mawaƙan biki da sha'irai masu bege, wani lokaci su zo ɗakina su ɗora murya. Aikina ya kai idan na kunna wa mutum ba ya bambance shi da na manyan sitidiyon Kano. Wani ustazu ya ce min babu laifi, tunda ban taɓa riƙe ganga ko fiyano ba, sautin na'ura ne kawai. Mene ne hukuncin sana'ata?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi wa mahaifiyarka da ƙannenka. Na lura ba ka tambaye ni hukuncin kiɗa shi kansa ba, kuma na gane dalili. Ka san jumhurin malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a wurin biki, don haka ba zan maimaita maka hujjojin ba. Abin da kake fata, ɗana, shi ne a ce maka waya ta fitar da kai daga wannan babin. To amma jumla ɗaya cikin tambayarka ita ta yanke hukuncin, wato faɗinka cewa mai sauraro ba ya bambance aikinka da na sitidiyo. Ƙwarewar da kake alfahari da ita, ita ce ta haɗa ka da makaɗa a hukunci ɗaya.

Maganar wancan ustazu tana yawo sosai a tsakanin matasa, saboda haka zan daɗe a kanta. Ka fi ni sanin cewa da yawa daga sautukan da ke cikin waɗannan manhajoji, wani ne ya buga ganga ko jita ta gaske aka naɗa, aka yayyanka, aka ajiye kowane bugu a ƙarƙashin maɓalli, ta yadda idan ka taɓa fuskar wayarka wancan bugun ne yake tashi. Ba mu taɓa jin malami ya ce kalangun da aka ji a kaset yana da hukunci daban da kalangun da aka ji a ƙofar gidan biki ba. Sauran sautukan kuwa, waɗanda na'ura take ƙirƙira da lissafi, ai fiyanon Yamaha da aka daɗe ana buga waƙoƙin fim da shi a Kano ba shi da fata ba shi da tsarkiya, lantarki ne yake fitar da sautinsa, amma duk da haka kowa kiɗa yake kiran abin da yake fitowa, mai bugawar kuma makaɗi. Kalmar ma'azif da ta zo a hadisin Bukhari da ake kafa hujjar hanin kiɗa da shi ba sunan wata ganga guda ba ce, suna ne da ya tattara duk abin da ake kiɗa da shi.

Sannan ka duba illar hanin. Fatar da ake rufe ganga da ita, da irinta ake yin guga da salka, kuma icen da ake sassaƙa jikin ganga, da irinsa ake sassaƙa turmi, babu wanda ya haramta ɗaya daga cikinsu. Sautin ne da abin da yake yi wa zuciya shari'a ta duba. Wanda ya cire icen da fatar ya bar sautin, ya yi kama da waɗanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba da labarinsu a hadisin Bukhari da Muslim, da aka haramta musu kitse sai suka narka shi suka sayar suka ci kuɗin. Wannan amsar ta shafi har masu kwaikwayon ganga da baki su shigar a manhaja, su juya shi har ya koma ganga sak, sannan su rubuta cewa babu kiɗa a ciki.

Abin da ya fi raunana maganar wancan ustazu shi ne ba ta da mazauni a kowane ɓangare na saɓanin. Ibn Hazm da waɗanda suka bi shi sun halatta kiɗa ne domin suna ganin hadisan hanin ba su inganta ba, kuma Ibnus Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani a kan hadisin ma'azif na Bukhari. Idan kayan kiɗa halal ne, ba ka buƙatar fakewa da waya. Idan haramun ne, wayar ba ta fitar da kai.

Ba zan ce ka jefar da wayarka ba, domin fiye da rabin abin da ka iya halal ne ba tare da saɓani ba: naɗar murya, cire hayaniya, daidaita ƙarfin sauti, sanya amsa-kuwwa gwargwado, shirya tallan rediyo, wa'azi da karatun littattafai. Sautin duffi na cikin manhaja yana ɗaukar hukuncin duffi, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta yalwata a babin walima, inda Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar, ya halatta shi ko da ga namiji ne. Waƙar aure mai tsabtar lafazi a kan duffi kaɗai, ka yi ta ka karɓi ladan aikinka. Bege a kan fiyano da jita kuwa, ambaton Annabi ba ya wanke kiɗan, kuma saɓanin da aka sani a Kano game da mandiri saɓani ne a kan ɗan'uwan duffi. Ka kuma nisanci sa wa karatun Alƙur'ani Auto-Tune, wato manhajar gyara karin murya, ko wani sauti a ƙarƙashinsa.

Manhajar da aka fasa haƙƙin masu ita ce, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da irin wannan haƙƙi a zamanta na Kuwait a 1988. Ka saye ta, ko ka koma wadda masu ita suka bayar kyauta irin BandLab.

Akwai abu biyu da ba ka tambaya ba. Ka ce ana zuwa ɗakinka a ɗora murya. Idan akwai mata 'yan amshi a cikin masu zuwan, kada ka keɓe da ɗayarsu da hujjar rufe ƙofa don hana hayaniya, ka mayar da aikin zaure ko ka sa ƙaninka ya zauna. Na biyu, masu wannan sana'a da dare suke aiki saboda shiru, kuma na ga da yawa Asuba ta kuɓuce musu a haka.

Kuɗin da ka samu a baya, tunda ka yi aikin ne bisa fatawar wanda ka ɗauka mai ilimi ne, ina fata ba a neme ka da fitar da su ba. Ka tuba, ka mayar da kuɗin kafin alƙalami na ayyukan kiɗan da ba ka fara ba, ka soma neman masu tallan rediyo da makarantun Islamiyya tun wannan makon. Allah ne mafi sani.