Muryar Rita Hayworth ce muke ji a Cover Girl?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Cover Girl, labarin wata yarinya mai rawa a gidan rawa da ke burin zama tauraruwa. Da bakinta take rera waƙoƙin, ko irin na finafinan Indiya ne? Kuma me ya sa finafinan wancan zamani ba sa rabuwa da gidan rawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Rawar tata ce, amma muryar ba tata ba ce. Wata mawaƙiya mai suna Martha Mears ce ta rera waƙoƙin, Rita Hayworth, wadda ta fito a matsayin yarinyar, tana motsa baki.

Kamfanin Columbia ne ya fitar da fim ɗin a 1944, Charles Vidor ya ba da umarni. Jerome Kern ya tsara kiɗa, Ira Gershwin ya rubuta baitoci. Gene Kelly, wanda ya fito a matsayin mai gidan rawar da ke unguwar Buruklin a birnin New York, aro shi aka yi daga kamfanin MGM, domin a lokacin ɗan wasa tamkar ma'aikacin kamfani ne, ba ya fita wani waje sai da izinin masu gida.

Yadda ake aikin ba zai zama baƙo ga wanda ya san Kannywood ba. Tun kafin a kunna kyamara an gama naɗar waƙa a situdiyo. Ranar ɗauka sai a saki waƙar ta lasifika, 'yan wasa su bi da baki da ƙafa. Ko wanda da muryarsa aka naɗa, irin su Gene Kelly, haka yake yi, don ba wanda zai yi irin wannan tsalle-tsalle numfashinsa ya ishe shi waƙa. Tunda dai an raba murya da hoto, sauya mai muryar abu ne mai sauƙi. Haka aka dinga yi wa Rita: Anita Ellis ce ta yi mata a Gilda na 1946, Jo Ann Greer kuma a Pal Joey na 1957.

Inda Amurka ta sha bamban da Indiya shi ne ɓoyo. A Indiya mai waƙar bayan fage ya zama tauraro shi ma, har ana sayen faifai don sunan Lata Mangeshkar ko Mohammed Rafi. A Hollywood ta wancan zamani kuwa kamfani ya zuba kuɗi ya gina tauraruwa a matsayin wadda ta iya komai, saboda haka ba ya son a ji cewa wata ce ke rera mata. A lokacin sunan mawaƙiyar ba ya fitowa a allo. Mawaƙiya Marni Nixon ta yi wa Deborah Kerr a 1956, ta yi wa Natalie Wood a 1961, ta yi wa Audrey Hepburn a 1964, duk manyan finafinai, kuma ba a rubuta sunanta a ko ɗaya ba. A ganina wannan cin haƙƙi ne ƙarara, tsarin Indiya ya fi adalci nesa ba kusa ba.

Sai dai kar ki rage wa Rita daraja saboda haka. Sunanta na yanka Margarita Cansino, gidansu gidan masu rawa ne, kuma tun tana ƙarama take rawa tare da mahaifinta a gidajen rawa na Tijuwana a ƙasar Meziko. Rayuwar da kika gani a fim ɗin ta san ta tun kafin a rubuta mata ita.

Batun gidan rawa kuwa dabara ce. Da fim mai sauti ya shigo a 1927, masu shiryawa sun nemi hujjar da za ta sa mutum ya ɓarke da waƙa ba tare da 'yan kallo sun ga wauta ba. In jarumar sana'arta ke nan, an huta: ga dandamali, ga makaɗa, ga atisaye. Ƙari a kan haka, labarin talaka da ta wayi gari tauraruwa ya yi kasuwa a shekarun karayar tattalin arziki, musamman bayan fim ɗin 42nd Street na 1933.

Cover Girl ya ɗan fasa wannan ƙa'ida. Ki sake duba wurin da Kelly ke tafiya a titi da dare, hotonsa ya fito daga gilashin shago suka shiga rawa tare. Babu dandamali a nan, babu 'yan kallo, mutum ne ke jayayya da zuciyarsa. Sau biyu aka ɗauki rawar aka ɗora hoto kan hoto, kuma Stanley Donen ne ya taya shi tsara ta, wanda daga baya suka ba da umarnin Singin' in the Rain tare a 1952.